Rasuwar Panzon, Injin da Ya Iya Fito

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Fidencio Olvera, mai share cikin motoci a layin bayan kasuwa, unguwar Iztacalco ta birnin Meksiko, a madadin iyalin marigayi Don Hilario Olvera, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta da direbobin tasi rasuwar injinmu na zuƙe ƙura, wanda kowa ya sani da suna Panzon, wato Mai Tumbi, saboda girman tumbinsa. Ya cika ranar Talata da magariba, a tsakar gida, a hannuna, yana tsakiyar aiki. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ba mu san ranar haihuwarsa ba. Da girmansa ya zo mana, daga wani otal da ya rufe, da lotsawa a gefen ciki da taya ɗaya mai ɗingishi. Tun ranar da na fara jona shi da wuta ban taɓa jin ya ce ya gaji ba. Ya haɗiye ɓawon gyaɗa, gashin kare, ɓurɓushin tortiya, wato wainar masararmu, shinkafar da ake watsa wa amare a ƙofar coci, da wasu abubuwan da ake tsinta a kujerar bayan tasi ranar Lahadi da safe waɗanda ba su dace da sanarwar rasuwa ba. Bai taɓa tona asirin direba ba. Akwai ɗan kunne guda da ya haɗiye a motar Don Lupercio, wanda ba na matar Don Lupercio ba ne, kuma da shi a ciki ya bar duniya.

A zamanin lafiyarsa ba shi da yawan magana. Gurnani ɗaya yake yi daga safe zuwa yamma, wuuuu, babu hawa babu sauka. In ya haɗiye tsakuwa ya ce ƙwal, ya ci gaba da abin da yake yi. Bai taɓa ɗauke wutar gida ba, wutarsa ba ta taɓa jan kowa ba, sai ni, sau ɗaya, kuma ranar da jiƙaƙƙen hannu na taɓa shi.

Ba za a fahimci jinyarsa ba sai an yi maganar mahaifina. Don Hilario mai gasa dankali mai zaƙi ne, da ayaba, a cikin amalanken ƙarfe mai murhun itace da bututun hayaƙi, yana zuba wa mai saye madara a kai. Ba sai na gaya wa ɗan garin nan yadda usur ɗin mai dankali yake ba. Ana sakin ruwa a kan ƙarfe mai zafi, tururi ya bi ta usur, ƙarar ta tashi sama har kare ya shige ƙarƙashin gado, sannan ta riƙa saukowa a hankali har ta mutu. Duk wanda ya ji, ya ɗauko faranti ya fito.

A gidanmu usur ɗin yana da wani aiki na daban. Baba yakan fita da la'asar ya hura wuta a filin bayan kasuwa. Da magariba sai ya biyo ta kusurwar layinmu ya saki usur guda, dogo. Ma'anarsa, lafiya nake, ku ci abinci, kada ku jira ni. Tun kafin a haife ni haka ake yi. Mahaifiyata, Doña Eduviges, ba ta taɓa kai loma baki da yamma ba sai ta ji wannan ƙarar. Sai ta zuba nasa ta rufe da faranti, sannan ta zuba namu.

Baba ya rasu da daminar bara. Mama ta je maƙabarta, ta zuba ƙasa da hannunta, ta karɓi gaisuwa. Bayan haka tunaninta ya fara tafiya yana dawowa, yau ta san ya rasu, gobe ta aike ni in duba ko ya ɗauki rigar sanyi. Ita kuwa ba mai cin safe ba ce, ɗan kofi ne kawai, da rana ta tsakuri abu kamar tsuntsu. Abincinta na gaske na yamma ne, kuma shi ne ta daina ci. Takan zauna a bakin taga da magariba, miyar taliya tana hucewa a gabanta, in ka yi magana ta ce, "Babanku bai wuce ba tukuna." Zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Likitan asibitin unguwa ya ɗora ta a sikeli, ya ce in ta ci gaba da ramewa haka, sai an kwantar da ita an zura mata robar abinci ta hanci. Yayata Amparo ta yi kuka a gaban likitan. Ni na jira sai da na shiga cikin motar wani zan share, sannan na yi nawa.

A cikin wannan hali ciwon Panzon ya fara. Wata yamma ina ƙarasa tasi ta ƙarshe, na danna bakinsa a lungun kujera, sai na ji ya canza murya. Fiiiiii, siririya, tana hawa. Na tsorata na kashe shi, ƙarar kuwa ta biyo injin tana saukowa a hankali har ta mutu. Kafin in miƙe, ƙofofi sun fara buɗewa. Doña Chelo, maƙwabciyarmu ta saman bene, ta sauko da faranti a hannu tana haki.

"Ina mai dankalin?"

"Babu mai dankali, Doña Chelo. Injina ne."

"Injinka? Na sauko bene da wannan gwiwar tawa saboda injinka? To zuba min ƙurar mana in ci, tunda na riga na kawo faranti."

Ina cikin ba ta haƙuri sai na ji muryar Mama daga taga, da ƙarfin da na daɗe ban ji ba.

"Fidencio! Bar wannan shirmen, ba ka ji babanka ya wuce ba? Je ka wanke hannu."

Ta zuba nasa ta rufe. Ta cinye miyarta, ta goge kwanon da tortiya, ta ce waken ya yi gishiri. Kashegari ma haka, da kwanakin da suka biyo baya. Ni dai na gode wa Allah da maganin ƙarin jinin da likita ya bayar. Ina so a rubuta cewa ni mutum ne mai share motoci, ba a taɓa ɗaukata aikin bincike ba.

Abin da ya dame ni shi ne Panzon ya rage ja. In na bi kafet sai ya bar yashi a baya. Don Lupercio ya shafa kujerarsa ya nuna min tafin hannu.

"Fide, wannan injin naka waƙa ya koma yi? In mawaƙi nake nema ina da rediyo a mota."

Na tura marigayin zuwa shagon abokina Rutilio, mai gyaran fanka da dutsen guga. Ya kunna shi ya kasa kunne.

"Mutumina, inji ba ya fito don nishaɗi. Iska ce ke shiga ta inda ba a gayyace ta ba. Sai mun nemo ƙofar."

Ya cire jakar ƙura ya sa sabuwa, fito yana nan. Ya wanke matatar ya shanya ta a rana, fito yana nan. Ya zargi robar da ke zagaye da murfi, ya ciro ta ya goge, ya shafa mata mai ya mayar, ya hau kan murfin ya zauna da duk nauyinsa, kuma Rutilio ba ƙaramin mutum ba ne. Panzon ya yi fitonsa a ƙarƙashinsa kamar ba kowa. Daga nan ya ce in toshe bakin tiyo da tafin hannuna. Ina toshewa ƙarar ta ninka. Ya kunna taba, ya riƙa bin tiyon da hayaƙi tun daga baki, a hankali. Da ya zo kusa da wuya, inda tiyon ke lanƙwasa in na ja shi, sai hayaƙin ya karkata ya shige ciki. Wata 'yar tsaga ce a cikin lanƙwasar roba, ba ta kai farcen jariri ba.

"Ga ɓarawon nan," in ji Rutilio. Ya naɗe wurin da baƙin salatef, ya ƙara wani a kai. Panzon ya koma gurnaninsa na dā, yana ja har yana ɗaga kafet. Na dawo gida ina taƙama.

Da magaribar ranar Mama ta zauna a bakin taga har miyar ta yi sanyi. Kashegari ma. Ranar da Amparo ta zo ta tarar da kwano a cike, sai ta ja ni tsakar gida.

"Me ka canza a gidan nan?"

"Babu, Yaya. Inji kawai na gyara."

"Gyaran me?"

"Fiton da yake yi."

Ta dube ni, ta dubi taga, ta sake dubana.

"Kai, Fide. Wai da gaske uwa ɗaya ta haife mu? Duk layin nan sun gane, har karen Doña Chelo ya gane, sai kai. Cire wannan salatef ɗin yanzu, ko in cire maka kunne."

Na cire. Amma gam ɗin ya kama robar, ya ja tsagar ta buɗe. Da na kunna sai ya ce fuuuu, kamar butar shayi. Mama ko juyowa ba ta yi ba.

Mun gwada duk abin da mai karanta wannan sanarwa yake shirin ba mu shawara a kai, don haka a hutar da kai. Mun roƙi Macario, mai dankalin unguwar gaba, ya ratso da amalankensa ta kusurwarmu, ya zo kuwa, Allah ya saka masa. Ya saki usur har gilashi yana rawa. Mama ta taɓe baki ta ce, "Wannan mai gajeren numfashin kuma daga ina? Babanku in ya ja ba ya yankewa haka. A gaya masa layin nan yana da mai shi." Daga baya Amparo ta ɗauki muryar Panzon a wayarta ta kunna a bayan taga. Mama ta ce a rage talabijin. Amalanken Baba kuwa tun bayan addu'ar rasuwarsa wani ɗan uwa ya tafi da shi ƙauye, aka ce ya zama murhun gasa masara, usur ɗin ma ba a san inda ya faɗi ba.

Sai na koma kan marigayi. Na ɓata yini guda ina liƙa salatef ina ɓarewa, in rufe rabin tsagar, in rufe fiye da rabi, in lanƙwasa tiyon a kan gwiwata. A ƙarshe na gano hanya. Sai an bar bakin tsagar kaɗan, a toshe bakin tiyo da tafin hannu gaba ɗaya, a bar ƙarar ta hau har ta kai maƙura, a riƙe ta can, sannan a kashe wuta a bar ta ta sauko da kanta. Da na yi haka, gashin jikina ya tashi. Ni kaina sai da na waiga kusurwar layi. Daga ciki na ji ƙarar cokali a kan kwano.

Rutilio da ya ga abin da nake yi ya dafe kai.

"Mutumina, da iskar nan yake shan sanyi. In ka toshe masa baki kullum, cikinsa zai dahu. Kashe shi kake yi."

"Na sani."

"To?"

"To Mama ta ƙara kwano jiya."

Sai ya je ya kawo min ƙaramar fanka in riƙa hura wa Panzon bayan an gama.

Haka muka ci rani. Da safe Panzon yana sharar tasi da salatef a wuya, da magariba in ɓare masa ya yi aikinsa na biyu. Direbobi suka daina kawo mota a wannan lokacin ba tare da kowa ya roƙe su ba. Mutanen layi suka daina fitowa da faranti, sai Doña Chelo. Ita kullum sai ta sauko da gwiwarta, ta tsaya a ƙofar gida ta fuskanci titin da babu kowa, ta ɗaga murya yadda za a ji ta taga: "Don Hilario, yau ma ƙananan za ka ba ni? Ka ji tsoron Allah, ƙara madara!" Mama daga ciki sai ta yi tsaki ta ce, "Wannan matar da son banza." Kumatunta suka dawo. Zoben ya zauna. Likita ya ce ko mene ne muke ba ta, mu ci gaba. Ban ga amfanin yi masa bayani ba.

Ina so duniya ta shaida cewa marigayi bai taɓa ƙin tashi ba. Tsagar tana ƙara girma, kullum sai na riƙe shi fiye da jiya kafin muryar ta kai inda ake so. Murfinsa ya fara zafi har ba a iya dafawa. Ya fara wari irin na dutsen gugar da aka manta a kan riga. Ya fara tari in an kunna shi, kaf, kaf, kaf, sannan ya kama. Rutilio ya buɗe shi ya canza masa 'yan gawayin nan da ke kai wuta cikin inji, ya ce wayoyin cikinsa sun yi baƙi, abin da ya rage sai addu'a. Na san ina dafa shi da hannuna, kuma ba na neman afuwar kowa. Na ƙaunace shi, amma uwa ɗaya gare ni.

Ranar Talata na ɓare salatef, na ɗora hannu. Ya yi tari, ya kama, muryar ta tashi tsaf, mafi kyau da na taɓa ji daga gare shi. Tana can sama sai na ji ɗas. Shuɗin hayaƙi ya fito ta gefen murfi. Ƙarar ba ta sauko ba, a sama ta yanke. Doña Chelo tana tsaye da faranti, bakinta a buɗe, ta kasa faɗin maganarta. Na shiga ɗaki na tarar da Mama riƙe da ludayi.

"Ya katse," ta ce. "Wani ne ya tare shi da ciniki. Bari ya sallame shi ya ƙarasa." Ta ajiye ludayin ta koma bakin taga.

Tun ranar kofi kawai take sha. Amparo ta kawo sabon inji daga kanti, fari, mai sheƙi, mai ladabi. Mun huda tiyonsa da allura, mun tsaga da reza, kukan sauro kawai yake yi. Mun ɗaura masa tiyon marigayi da tsumma da waya, ya ce fuu. Rutilio ya ce muryar ba ta tiyo kaɗai ba ce, har da girman tumbin da tsufan injin, kuma ba a ƙera irinsa yanzu. Likita ya zo jiya ya duba ta. Ya ce ranar Litinin da safe zai turo motar asibiti a ɗauke ta.

Marigayi ya bar tiyo ɗaya mai rauni a wuya, da dogon baki mai shiga lungun kujera, da buroshi wanda gashinsa ya zube tun kafin wannan rashi. Ya bar doguwar waya mai ɗauri a wurare da dama, da ƙaramar fankar da ta yi jinyarsa, da tsintsiya, tsohuwar abokiyar hamayyarsa, wadda ta karɓi aiki tun Laraba ba tare da nuna wani alhini ba. Ya bar direbobin tasi masu yawa da kujerunsu. Ya bar ni.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar daga la'asar, a tsakar gidanmu. Za a ajiye gawar a kan benci kusa da famfo, an riga an zana gicciye a ƙasa da ƙurar da aka samu a jakarsa ta ƙarshe. Akwai kofi mai kirfa da burodi mai zaƙi. Doña Chelo za ta ja addu'a, ta ce a zaune za ta yi. Ranar Lahadi motar masu sayen tsofaffin ƙarafa za ta ɗauke shi zuwa makwancinsa, kuma iyali sun roƙi direban ya kashe lasifikar da yake shela da ita har ya fita daga layin.

Iyali ba sa buƙatar furanni. Duk mai tsohon injin zuƙe ƙura da ke fito, ko yana ƙarƙashin gado, ko a kan rufi, ko a gidan surukarsa, don girman Allah kada ya gyara shi. Kada ya liƙa masa komai. Ya ɗauko shi yadda yake, da tiyonsa, ya kawo. Rutilio ya ja wuta zuwa tsakar gida. Da magariba za a kunna su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya toshe bakin nasa da hannu, sauran jama'a a yi shiru a saurari ɗaki. Wanda aka ji ƙarar cokali a bayan nasa, ya tafi gida da sabon injin Amparo da addu'ar iyali har ƙarshen rayuwarsa.

Masu zuwa za su wuce ta gaban tagar Mama, babu wata hanyar shiga. Ku gaishe ta kamar kullum, kada kowa ya yi mata ta'aziyya. Za ta tambaye ku ko kun ga Don Hilario a hanya. Ku ce kun gan shi a bakin kasuwa, mutane sun yi masa yawa, yana nan tafe.